Bashin gida a Amurka: gwanjo, kafin alƙalami da kuɗin adashi

Tambaya ta farko daga wani direban tasi ce a birnin New York:

"Assalamu alaikum. Shekara 6 ke nan da na sayi gida mai hawa biyu a Bronx da bashin banki, muna sama, ɗan haya yana ƙasa. Na yi hatsarin mota na kwanta, ɗan hayan ma ya tashi, yau wata uku ban biya ba. Makon jiya takarda ta zo, an ce ina iya rasa gidana, an ba ni kwana 90. Uwargida ba ta sani ba. Wani ya bugo min waya ya ce in ba shi dala 3,000, in kuma sa hannu a mayar da gidan sunan kamfaninsa na ɗan lokaci, zai tsayar da komai. In ba shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi. Kada ka ba shi ko sisi, kada kuma ka sa hannu a wata takarda tasa. Tun 2011 dokar tarayya ta hana masu cewa za su ceto gidan mutum karɓar kuɗi kafin su kawo masa tayi a rubuce daga mai bashin, wanda shi mai gidan ya amince da shi. Duk wanda ya ce a fara biyansa ya riga ya nuna maka ko shi wane ne. Zancen mayar da gida sunan kamfaninsa kuwa ya fi muni, domin ranar da ka sa hannu gidan ya zama nasa, bashin kuma yana nan a wuyanka. Irin wannan damfara ta cinye gidajen mutane da yawa a New York, musamman tsofaffi da baƙi, har jihar ta mai da ita laifin sata a 2024.

Takardar da ka samu ba sammaci ba ce. A jihar New York ba a ƙwace gida sai ta hannun kotu, kuma kafin mai bashi ya shigar da ƙara wajibi ne ya aiko da wannan gargaɗin na kwana 90. Sake buɗe ta ka duba: akwai jerin ƙungiyoyi aƙalla biyar na kusa da kai masu ba da shawara kan bashin gida. Aikinsu kyauta ne. Gobe da safe ka kira ɗaya daga ciki. Akwai kuma ƙa'idar tarayya da ta fara aiki a 2014, wadda ta hana fara matakin ƙwace gida sai mutum ya wuce kwana 120 bai biya ba. Kai kana wajen kwana 90, saboda haka ba a kai ga kotu ba tukuna, amma saura ƙiris.

Abin da za ka yi a wannan tsakanin shi ne ka nemi kamfanin da kake biya duk wata ya ba ka fom ɗin neman sassauci. Za su nemi takardun harajinka, bayanin asusun banki na watannin baya, lissafin abin da tasi ke kawowa tunda kai ke aikin kanka, da wasiƙar da za ka bayyana abin da ya same ka. Haɗa da takardun asibiti. A nan mutane ke faɗuwa: su aika rabi su koma gefe suna jira. Doka tana kare wanda takardunsa suka cika ne. In suka cika kafin a shigar da ƙara, ba za a shigar ba sai an duba an ba ka amsa. In ma an shigar, muddin sun isa fiye da kwana 37 kafin ranar gwanjo, dole a tsaya a duba, a amsa maka cikin kwana 30. Ajiye kwafin kowace takarda, ka rubuta ranar da ka aika da sunan wanda ka yi magana da shi a waya.

Me za su iya yi maka? In ka warke ka koma aiki kuma ka sami sabon ɗan haya, mafi sauƙi shi ne a raba abin da ya taru a kan watanni, kana biya tare da na kowane wata. In har yanzu kana jinya, ana iya ɗage maka biya na wasu watanni, sai dai ka sani ɗagewa ce, kuɗin suna nan suna jiranka. In kuma kuɗin shigarka ya ragu ke nan, ana iya sake tsara bashin gaba ɗaya, a tsawaita shi, wani lokaci har shekara 40, don na wata ya sauko. Duba takardunka ka ga ko bashinka na FHA ne, wato wanda gwamnatin tarayya ta tsaya masa. In shi ne, akwai hanyar da ake kwashe abin da ya taru a ajiye shi gefe a matsayin bashi na biyu marar ruwa, wanda sai ranar da ka sayar da gidan ko ka gama biyan babban bashin za ka biya shi.

In sammaci ya zo duk da haka, kwana 20 gare ka ka ba da amsa a rubuce idan hannu da hannu aka ba ka, kwana 30 idan ta wata hanya ya iso. Kotu kuma za ta kira zaman sulhu tsakaninka da mai bashin, tunda gidan da kake zaune ne. Ka je, ko da lauyan taimakon marasa ƙarfi ne. Shari'ar irin wannan a New York takan ɗauki shekaru, shi ya sa wasu ke sakin jiki. Kowane wata ana ƙara ruwa, da tarar jinkiri, da kuɗin lauyan banki, duk daga rabonka na gidan ake yanka. Kuma da zarar an buga gwanjo a New York, babu sauran damar fansar gidan.

Akwai maganar da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. Bayan shekara 6 kana biya, da wuya a ce gidan bai fi bashin da ya rage daraja ba. In ka zauna da mai ba da shawara lissafi ya nuna ba za ka iya ci gaba ba, gara ka sayar da kanka a kasuwa, ka biya banki, ka riƙe ragowar. Gidan da aka ƙwace yana zama tabo a tarihin bashin mutum shekara 7, kuma daga lokacin ƙwacewar sai ya jira shekara 3 kafin ya sake samun bashin FHA. In an yi gwanjo kuɗin suka zarce bashin, rarar taka ce, amma sai ka nema ta kotu. In kuma suka gaza, mai bashin na iya bin ka cikon.

Sai batun uwargida. Na san nauyin da namiji ke ji. Amma in sunanta na kan takardar gidan ko ta bashin, ba abin da za a ƙulla ba da sa hannunta ba, in ma ba ya kai, a gidan take kwana da 'ya'yanta. Gara ta ji daga bakinka yau da ta ji daga mai kawo sammaci.

Masu karatu da ke wasu jihohi kada su ɗauki lissafin New York su yafa wa kansu. A Texas ba a bi ta kotu a yawancin bashin gida: bayan kwana 120 ɗin nan, ana ba mutum kwana 20 ya biya abin da ya taru, sai sanarwar kwana 21, sai gwanjo a Talatar farko ta wata. Mutum yana cewa bari a ga ƙarshen wata, sai ya ji gida ya tafi.

Tambaya ta biyu daga wata 'yar'uwa ce mai aikin kula da tsofaffi a Greensboro, jihar North Carolina:

"Na gaji da haya. Watan gobe zan kwashi adashi dala 9,000, kuma na ga gida na dala 250,000. An ce sai da kashi 20 cikin ɗari na kafin alƙalami, wata ƙawata kuma ta ce gwamnati tana ba da kuɗin kyauta. Wanne ne gaskiya? Kuma yaya batun riba?"

Hajiya, duka biyun ba su faɗa miki daidai ba. Kashi 20 ba sharaɗi ba ne. Amfaninsa shi ne yana raba mutum da biyan inshorar bashi duk wata. Bashin FHA yana karɓar kashi 3.5 idan makin kiredit ɗinki (makin da ke nuna yadda kike biyan bashi) ya kai 580, wato dala 8,750 a wannan gidan. Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin da ke sayen bashin gida daga hannun bankuna, suna da tsare-tsaren kashi 3 ga masu matsakaicin samu. Amma kada ki ga 9,000 ta rufe 8,750 ki ce an gama. Akwai kuɗin kammala ciniki, na masu ƙiyasta gida da lauya da rajista da sauransu, wanda kan kama kashi 2 zuwa 5, wato tsakanin dala 5,000 da 12,500. FHA kuma tana ɗora inshorar farko ta kashi 1.75 a kan bashin, kimanin dala 4,200, ban da ta kowane wata. Sannan wani sharaɗi da ya shafi baƙi: tun watan Mayun 2025 FHA ta daina karɓar wanda ba shi da izinin zama na dindindin.

Tallafin da ƙawarki ta ji labari gaskiya ne akwai shi, yawanci daga hukumar gidaje ta jiha ko ta birni. A jiharku hukumar NCHFA tana da tsarin dala 15,000 ga mai sayen gida karon farko, kuma a wajensu duk wanda bai mallaki gidan zama ba cikin shekara 3 da suka wuce ɗan fari ne. Ana duba yawan samunki da farashin gidan da makin kiredit, kuma ta hannun masu ba da bashin da suka yi rajista da hukumar ake nema. To amma kalmar "kyauta" ce nake so ki yi hattara da ita. Kuɗin bashi ne na biyu a kan gidan, marar ruwa, ba a biyansa duk wata, yana kwance. Sai shekara ta 11 ake fara yafe shi, kashi 20 kowace shekara, ya ƙare a ta 15. In kin sayar ko kin sake tsara bashin a shekara ta 7, dala 15,000 ɗin za a cire cif. Haka abin yake a birnin New York, inda tsarin HomeFirst ke kaiwa dala 100,000 amma sai mutum ya zauna a gidan shekara 10 ko 15, gwargwadon abin da ya karɓa. Don haka ki tambayi kanki tsakani da Allah: kina da niyyar zama, ko zuciyarki na kan komawa gida in yara sun gama makaranta? Sannan ki sa a rubuta miki lissafi biyu, da tallafi da babu, domin wani tallafin yana zuwa da ruwan da ya ɗan ɗara na kasuwa a kan babban bashin.

Kuɗin adashin ma yana da nasa zancen. Mai ba da bashi zai duba asusunki na wata biyu, kuma duk wani babban kuɗi da ya faɗo sai an faɗi asalinsa. Dala 9,000 a ambulan, ba rasit ba shaida, za su ƙi lissafa ta. Ƙa'idojin FHA sun san da adashi, suna karɓar kuɗin ƙungiyar tara kuɗi idan an nuna tun yaushe aka kafa ta, da yadda kike zubi, da shaidar kwasarki. Ki roƙi uwar adashi ta rubuta miki wannan, ta kuma biya ki ta banki. Ki faɗa wa mai ba da bashin tun farko, da adadin zubin da ya rage miki, don nauyi ne da za ki ci gaba da ɗauka tare da na gida. In wani ɗan'uwa zai ƙara miki, sai da takardar da ke cewa kyauta ce ba rance ba.

Batun riba hukuncinsa na malamai ne, ki kai wa wanda kika amince da iliminsa. Abin da zan iya faɗa miki shi ne akwai kamfanoni irin su Guidance Residential da UIF masu tsarin musharaka, inda ku biyu kuke mallakar gidan kina sayen rabonsu sannu a hankali kina biyan kuɗin amfani da shi. Ki tambaye su ko suna aiki a jiharku, da ko tallafin jihar zai haɗu da tsarinsu, don ba kullum yake haɗuwa ba. Kuma a can ma wanda ya daina biya gidan na iya tafiya. Da ni ce ke, da na ƙara wata shida ina tari, in shiga gida da kuɗin wata uku a ajiye, domin ranar da na'urar ɗumama ɗaki ta mutu a tsakiyar hunturu babu mai gidan da za ki kira.

Na uku wani matashi ne daga Atlanta, yana tambaya ko ya sayi gidansa na farko a gwanjon gidajen da aka ƙwace, tunda an ce da araha.

Ɗan'uwa, a'a. A jihar Jojiya, inda Atlanta take, ana yin gwanjon a ƙofar kotu ranar Talatar farko ta wata, kuma kuɗi hannu ake biya, babu bashin FHA babu tallafi. Ba za ka shiga ka ga cikin gidan ba, ba wanda zai faɗa maka halin rufi ko bututun ruwa. Ana iya bin gidan harajin da zai dawo kanka, kana ma iya sayen bashi na biyu kana zaton na farko ne, ka wayi gari babban banki na jiranka. In akwai ɗan haya a ciki, dokar tarayya ta ba shi aƙalla kwana 90 kafin ya tashi, in tsohon mai gidan ne kuwa sai ka bi kotu ka fitar da shi. Waɗanda za ka yi takara da su sana'arsu ke nan, da lauyoyinsu. In arahar kake so, nemi gidajen da ba su sami mai saye a gwanjo ba suka koma hannun banki ko HUD, wato ma'aikatar gidaje ta tarayya. Waɗannan dillali zai buɗe maka ka zagaya, ka kawo mai duba gini, ka nemi bashi yadda aka saba, kuma a gidajen HUD ana ba wanda zai zauna a ciki damar fara tayi kafin 'yan kasuwa.