Tambaya da Amsa: Wai dole sai da mata a binciken ƙirƙirarriyar basira?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ɗalibi ne, ina digiri na biyu a fannin koyon na'ura, wani reshe na ƙirƙirarriyar basira, kuma a ƙungiyar bincikenmu duk maza ne. Kullum ana ta ce mana mu nemo mata mu sa a ciki, ni kuma gani nake kwamfuta ba ruwanta da mace ko namiji, lissafi ne kawai, wanda ya iya ya shigo wanda bai iya ba ya haƙura. Dan Allah wannan ba alfarma ake nema ba?

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Gaskiya ne lissafi ba shi da jinsi, amma ai kai ma ka fi ni sani, na'ura abin da aka ba ta shi take koya, kuma mutane ne suke zaɓar bayanan da za a ba ta, su ne kuma suke cewa ta iya ko ba ta iya ba.

Joy Buolamwini tana ɗaliba a jami'ar MIT ta Amurka ta lura manhajar gane fuska ba ta ganin fuskarta kwata-kwata sai ta rufe ta da farin abin rufe fuska, ita kuwa baƙar fata ce. A 2018 ita da wata mai bincike, Timnit Gebru, suka gwada manhajojin kamfanonin IBM da Microsoft da Face++ masu duba fuska su faɗi ko mace ce ko namiji, suka tarar in fuskar farin namiji ce kuskuren bai kai kashi 1 cikin 100 ba, in kuwa mace ce mai duhun fata har kashi 34.7 yake kaiwa. To fa injiniyoyin da suka haɗa manhajojin nan ba wai ba su iya aiki ba ne, ƙwararru ne sosai, kawai ana ganin hotunan da suka koyar da na'urar da su yawanci na fararen maza ne, kuma su a fuskarsu komai lafiya lau yake tafiya, me zai sa su yi zargin akwai matsala? Bayan binciken ya fito IBM da Microsoft suka koma suka gyara.

A shekarar dai aka ji labarin kamfanin Amazon ya watsar da wata manhajar tace masu neman aiki, don ta koyi rage wa takardun mata maki, tunda takardun shekara 10 da aka ba ta galibi na maza ne.

Maganar wanda ya iya ya shigo kuma, ina tare da kai, amma mata sun taɓa cika fannin nan fa. Mata shida ne suka tsara wa ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko a duniya, aiki a 1945, kuma a 1984 kashi 37 na masu samun digirin kwamfuta a Amurka mata ne, daga baya ya faɗo kusan kashi 18. Ƙwaƙwalwarsu ba ta ragu ba, yanayin wurin ne ya rinƙa korarsu, wannan abu yana min ciwo wallahi.

Ba ce maka nake ka ɗauko wadda ba ta cancanta ba don a cika lamba, hakan ma cin fuska ne gare ta. Ka duba yadda kuke ɗaukar mutane, in aboki ne ke kawo aboki to haka za ku yi ta zama ku kaɗai. Ku tallata gurbi a fili, ku kai sanarwa ƙungiyoyi irin su Women in Machine Learning ta mata da aka kafa a 2006, da Black in AI ta baƙar fata, da taron Deep Learning Indaba na masu wannan fanni a Afirka. In ta shigo kuma kar a mai da ita mai rubuta bayanan mitin, a ba ta ainihin aikin gina manhaja, a bar ta ta gama magana, sunanta ya fito a takardar bincike daidai da aikin da ta yi. Sannan duk manhajar da kuka haɗa ku auna kuskurenta daban-daban, na mata daban na maza daban, na masu duhun fata daban, kafin ku sake ta.