Tambayoyi da amsoshi: waya za ta iya gano min matsalar zafin mota?

Wani mai karatu daga Mabera ya rubuto: "Malam barka da aiki. Corolla ta ce 2005, in na shiga cunkoso wajen tsohuwar kasuwa sai allurar zafi ta riƙa hawa, amma in na kama hanyar Bodinga sai ta sauka. Bakanike ya ce tamosta za a cire a haɗa fanka dairek. An ce min akwai abin da ake haɗawa da waya a ga matsala, gaskiya ne?"

Gaskiya ne ɗan uwa, kuma ba shi da tsada. Sunan shi ELM327, ɗan ƙaramin abu ne da ake sokawa a wata kafa mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ita ake ce ma OBD2. Motocin da aka yi don kasuwar Amurka tun 1996 duk suna da ita, na Turai masu shan fetur kuma tun 2001, to in taka daga can ta zo tana ciki. Ka soka shi, ka murɗa makulli, ka haɗa da wayarka ta bulutut, sai ka sauke manhajar Torque ko Car Scanner. In iPhone gare ka ka nemi mai wayfai ko mai sabon bulutut na BLE, don tsohon samfurin ba ya haɗuwa da ita, kuma Torque ta Android ce kawai.

Abin da za ka nema shi ne zafin ruwan inji a lamba, ba allurar dashbod ba, don allurar motoci da yawa tana zama tsakiya ne ba ta motsi har sai abu ya yi nisa. Fara da safe kafin ka tada mota, lambar ta zama kusan daidai da zafin gari. In ka ga -40 to wayar sensa ta yanke ko soket ya fita, sau da yawa ma za ta nuna maka lambar matsala P0118. In lafiya lau sai ka tada ta ka bar ta tsaye, ka kashe AC, ka zuba ido. Lafiyayyen inji yana zama tsakanin digiri 85 zuwa ɗari da 'yan kai, kuma wajen 95 zuwa 100 ya kamata ka ji fanka ta tashi lambar ta fara sauka. In ta wuce 105 fanka shiru, kashe motar, ka samu ɓarawonka. Kuma yadda ka bayyana ma can hankalina ya tafi, domin a hanyar Bodinga iska ce ke bugun lagireto tana yin aikin fanka, a cunkoso kuwa babu iska sai ita. A duba fis, a duba rile, wato makunnin da ke ba fanka wuta, a duba ɗan injin da ke juya fankar kanta.

Maganar cire tamosta kuwa, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin inji har ya ɗumama, don Allah kar ka yarda. Na san abin da ake faɗa, wai ta ƙasar Turawa ce mai sanyi, mu nan Sakkwato da rana ke haura digiri 40 a watan Afrilu me za mu yi da ita. Amma ita tamosta wajen digiri 82 take buɗewa a irin motarka, in ta buɗe ta gama, ba ta hana ruwa yawo, ba ita ke kawo obahitin ba sai in ta maƙale a rufe, ita ma wannan sabuwa ake sawa ba jefarwa ake ba. In aka cire ta inji yana daɗewa bai ɗumama ba musamman lokacin hunturu, burenbokis, wato kwamfutar motar, yana ganin sanyi sai ya yi ta ƙara fetur, ga shan mai ga cin inji a hankali, kuma ainihin matsalar fankar tana nan an dai rufe ta ne kawai. Wasu motocin ma za su kunna maka wutar cek da lambar P0128.

Wata baiwar Allah daga Arkilla ta ce: "Ni kullum da safe sai direba ya ƙara ruwa a lagireto, kusan gora guda, kuma ba ma ganin yoyo a ƙasa. Wannan na'urar za ta nuna inda ruwan ke tafiya?"

A'a Hajiya, nan waya ba ta da ido. Zafi take karantawa, ba ta ganin yoyo, hasali ma in ruwan ya yi ƙasa sosai sensar tana zama cikin iska ta ba da lambar da ba daidai ba. Wannan aikin ido ne da hannu, kuma sai inji ya huce gaba ɗaya, kar direba ya kuskura ya buɗe murfin lagireto da zafi, ruwan yana fesowa ya ƙona fuska.

A fara da murfin kansa, shi mutane suka fi rainawa. Aikin shi riƙe matsi wajen 0.9 zuwa 1.1 bar don kar ruwa ya tafasa da wuri, in robar shi ta mutu ruwa na fita ya bushe ba ki ga ɗigo ba. Sai a bi bakin tiyo-tiyo da ƙarƙashin famfon ruwan inji (wata famfo) a nemi farin busasshen tabo, a taɓa kafet ɗin gaba ko yana da danshi. In duk ba a samu ba, nan ne hankalina ba ya kwanciya. A zaro sandar baƙin mai a duba, a duba cikin murfin mai, in ya koma kalar shayi da madara, ko salansa na fitar da farin hayaƙi mai kauri bayan mota ta ɗumama, ko ana ganin kumfa na tasowa a bakin lagireto in an tada ta da sanyi, to gasket ɗin tof silinda ne, ruwan cikin inji yake shiga. A ajiye motar a kai ta a yi mata gwajin matsi, kar a ce bari a je Gusau a dawo.

Kuma wane ruwa yake zubawa? In na rijiya ne ko bohol, shi ke tara tsatsa da farin gishiri ya toshe ƙananan hanyoyin lagireto. A wanke a zuba kulan, wato ruwan sanyaya inji na musamman, irin wanda littafin motar ya ce, kar a gauraya kala biyu.

Mai Corolla, in ka gama gwaji ka zare na'urar, kafar nan tana da wuta ko mota na kashe, in ka bar ta kwanaki tana iya shanye maka batir.