Shin ƙasar gona tana mutuwa, alhali littafi ya ce ba ta da rai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyyar halittu ne a makarantar sakandare, kuma ina da ɗan filin da nake nomawa. Shekara da shekaru ina ƙone kara da ciyawa kafin shuka, ina kuma zuba takin zamani, amma yanzu ƙasar ta yi tauri, ruwan sama yana gudu a kanta ba ya shiga, amfanin gona kuma sai raguwa yake yi duk da na ƙara taki. Wani mai sayar da maganin feshi ya ce mini ƙasa ba ta mutuwa tunda dama ba ta da rai, in ƙara taki kawai, in kuma fesa maganin da zai kashe gara da tana. Abin da ya fi damuna shi ne ni ma haka nake koyar da ɗalibaina, cewa ƙasa tana cikin abubuwa marasa rai. Shin na kashe gonata ke nan, kuma shin kuskure nake koyarwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, gonarka ba ta kai inda ba za ta farfaɗo ba, amma idan ka bi shawarar mai maganin nan to can za ta nufa. Tunda wannan fanninka ne, ba sai na tsaya jero maka masu rai da marasa rai ba. Rabon yana da amfani a kan allo, illarsa tana farawa ne a lokacin da mutum ya ɗauka cewa haka suke a rabe a cikin muhalli, kowanne yana zaman kansa. Shi kansa Arthur Tansley, masanin tsirrai ɗan Ingila da ya yaɗa tunanin tsarin muhalli a 1935, abin da ya nanata shi ne ba za a iya ware halitta daga wurin da take rayuwa ba, domin tare suke haɗuwa su zama tsari guda.

Yashi da yumɓu da ruwa da iskar da ke cikin ƙasa ba su da rai, wannan gaskiya ne. Sai dai a cikin ƙaramin cokali guda na ƙasa mai lafiya akwai ɗaruruwan miliyoyin bakteriya, ga zaren fumfuna da ya ratsa ko'ina, ga tsutsotsin da ido ba ya gani, ga tana da gara da tururuwa. Waɗannan halittu su ne suke gina siffar ƙasar. Bakteriya suna fitar da wani abu mai danƙo, zaren fumfuna da ƙananan saiwoyi kuma suna ɗaure ƙwayoyin yashi da yumɓu su zama ƙananan dunƙule, kuma a tsakanin dunƙulen ne ake samun kafofin da ruwa da iska suke bi. A ƙasa mai kyau, kusan rabin girmanta kafofi ne. Idan abincin waɗannan halittu ya yanke, danƙon yana ƙarewa, dunƙulen su wargaje da bugun ruwan sama na farko, ƙurarsu ta toshe kafofin, saman ƙasa ya yi ɓawo. Taurin da kake gani da gudun ruwan nan ke nan. A takarda za a rubuta su a matsayin matsalar ɓangare maras rai, alhali yunwar masu rai ce ta haife su.

Kai ne kuma ka yanke musu abincin da hannunka, ta hanyar ƙona kara. Wuta tana mayar da kabon ɗin da ke cikin kara hayaƙi, mafi yawan naitirojin da wani kaso na sulfa su ma su bi iska. Tokar da ta rage tana ɗauke da fotashiyam da kalshiyam, shi ya sa shuka takan yi kyau a shekarar farko, mai gona ya ɗauka ya yi dabara. Amma iska da ruwan farko suna kwashe toka cikin sauƙi, ƙasar kuma ta zauna tsirara a ƙarƙashin rana.

Yanzu ga maganar da nake ji kusan kullum, wadda kuma ta ishe ni: wai ƙasa mazubi ce kawai, abin da ka zuba mata shi za ta ba ka. Duk wanda ya yarda da wannan, maganin kowace matsala a wurinsa shi ne ƙarin buhu, kuma ba abin mamaki ba ne cewa masu sayar da buhun su ne suka fi yaɗa ta. Ka tambayi mai maganin nan yadda takin yuriya yake zama abincin shuka, ka ga ko zai iya amsawa. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, amma kafin shuka ta amfana da ita sosai sai wani sinadari da ƙananan halittun ƙasa suke samarwa ya mayar da ita amoniyam, sannan wasu bakteriya irin su Nitrosomonas da Nitrobacter su mayar da amoniyam ɗin naitiret. Ashe ko takin da aka sarrafa a masana'anta ma sai ya bi ta hannun masu rai. Haka nan iskar da muke shaƙa, kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, amma babu shukar da take iya ɗibarsa kai tsaye, sai bakteriya irin su Rhizobium da ke zaune a ƙullutun saiwar tsirrai dangin wake sun kama shi. Mafi yawan tsirran doron ƙasa kuma suna da ƙawance da fumfunan saiwa, waɗanda suke miƙa zarensu nesa su jawo fosfaras da ruwa, shuka kuma ta biya su da sukari.

Akwai wani abin da mai buhun ba zai gaya maka ba. Duk lokacin da bakteriya suka mayar da amoniyam naitiret, ƙasa tana ƙara tsami. Idan an yi shekaru ana zuba irin wannan taki ba tare da ruɓaɓɓen ganye ko kashin dabbobi da zai rage kaifin abin ba, ma'aunin tsamin ƙasa da ake kira pH yana sauka, kuma da zarar ya yi ƙasa da 5.5 alminiyam yana fara narkewa ya ƙone bakin saiwa, fosfaras kuma ya ɗaure ya ƙi sakuwa. A nan ne mutum zai ninka taki amfani kuma ya ragu, kamar yadda ya faru da kai. Tun ƙarni na 19 aka san ƙa'idar da ake dangantawa da Justus von Liebig, masanin kimiyya ɗan Jamus, cewa abin da ya fi ƙaranci shi ne yake iyakance girman shuka. Idan ruwa ne ba ya shiga, ko iska ce ba ta kai wa saiwa, ƙarin naitirojin asarar kuɗi ce, kuma rarar tana gangarawa koguna da tafkuna ta haifar da gansakuka mai shanye oksijin har kifaye su mutu. Ba ina cewa takin zamani abin ƙi ba ne, domin ba don shi ba da abinci bai ishi duniya ba. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi madadin rayuwar ƙasa.

Batun kashe tana kuwa, wannan jahilci ne tsagwaronsa. Tana ba ta cin shuka mai rai, ramukanta hanyar ruwa ne, kashinta kuma taki ne. Gara ta bambanta, domin akwai nau'o'in da suke yi wa amfanin gona ɓarna, amma da yawansu busasshen kara da itace suke ci, kuma idan aka shimfiɗa musu kara a kan ƙasa mai ɓawo su ne suke huda ta har ruwa ya samu hanya. Gonar da aka ƙone ƙurmus ita ce gara ta fi afka wa shukarta, tunda ba a bar mata komai ba.

Idan kana neman misalin da zai zauna a kan ɗalibanka, ka ba su labarin Biosphere 2 a jihar Arizona ta Amurka. A watan Satumba na 1991 aka rufe mutum takwas a cikin wani katafaren gini na gilashi mai ɗauke da tsirrai da ruwa da ƙasa, da nufin su rayu shekara biyu ba tare da iskar waje ba. Oksijin ya riƙa sauka daga kusan kashi 21 cikin 100 har ya kai wajen 14, sai da aka tura musu shi daga waje a farkon 1993. Da aka bincika, sai aka gano cewa ƙananan halittun ƙasar, wadda aka cika ta da ruɓaɓɓen abu, su ne suke shanye oksijin ɗin, iskar kabon da suke fitarwa kuma kankaren ginin yana tsotse ta, don haka tsirrai ba su same ta ba balle su mayar da oksijin. Bakteriya da siminti ne suka haɗu suka kusa shaƙe mutane, kuma babu jadawali mai gida biyu, na masu rai da marasa rai, da zai hango wannan.

Laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Masu tsara manhaja da masu shirya jarrabawa sun fi son tambayar da za a yi wa maki cikin daƙiƙa guda, don haka yaro ya rubuta ƙasa a gidan marasa rai ya ci, ya girma ya zama jami'in gona yana raba buhu ba tare da ya taɓa tona rami ya duba ba. Ka koya musu amsar da za ta fisshe su a jarrabawa, sannan ka fita da su waje da fartanya, su kwatanta ƙasar gindin bishiya da ta tsakiyar fili, su zuba wa kowacce ruwa su ga wadda za ta shanye.

Game da gonarka, ka daina ƙonawa daga bana, ka bar kara da ganye su rufe ƙasar, ka zuba kashin dabbobi da ya ruɓe sosai, ka riƙa sauya shuka da dangin wake, ka kuma rage yawan kaftu. Ka kai samfurin ƙasar a auna tsaminta kafin ka sake sayen ko da buhu guda, domin idan ta yi tsami farar ƙasa ta noma take buƙata, kuma awon ne zai faɗi adadin. Yuriya kuma a riƙa binne ta a ƙasa mai danshi, a raba ta kashi biyu ko uku, kada a watsa ta a sama rana ta kwashe ta. Kada ka sa ran ganin canji a damina guda, domin irin wannan gyara yakan ɗauki shekaru, amma alamar farko da za ka lura da ita ita ce ruwa ya fara tsayawa yana nutsewa, sannan tana ta fara bayyana a bakin fartanya.