Ina karanta Koriyanci, amma in sun yi magana ba na ganewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina koyon harshen Koriya da kaina a waya, burina in samu gurbin karatu a can. Na iya karanta Hangul, wato haruffan rubutun Koriya, na haddace kalmomi da yawa, amma da Bakoriye ya buɗe baki sai komai ya cakuɗe min. Kullum ina kallon fina-finansu, ban ga canji ba. In aka ce in yi magana kuwa, harshena ɗaurewa yake. Ina gyaran yake? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba kunnenki ne ke da matsala ba, kuma ba saurin bakinsu ne kaɗai ba. Da ido kika koyi harshen, alhali abin da ake rubutawa a Koriyanci sau da yawa ba shi ake furtawa ba.

Hangul, wanda Sarki Sejong ya ƙaddamar a 1446, yana da sauƙin koyo, shi ya sa ɗalibi ke zaton ya gama da sauti. Amma baƙin da ke rufe gaɓa, wanda suke kira batchim, ba ya zama wuri ɗaya. Ko wane baƙi aka rubuta a ƙarshen gaɓa, sautuka bakwai kacal ake furtawa. In wasali ya biyo baya, sai baƙin ya tsallaka gaɓa ta gaba. In baƙin hanci, irin su "m" da "n", ya biyo baya, shi ma sai ya koma na hanci. Dubi godiyar da kowa ya sani, 감사합니다: a rubuce akwai "hap-ni-da", a baki kuwa "hamnida" za ki ji. 국물, wato romo, "gungmul" ake cewa. 같이, wato tare, ya koma "gaci". 좋아요, wato yana da kyau, kuwa "h" ɗinsa ɓacewa yake gaba ɗaya. Kin san kalmomin nan duka, siffarsu ta baki ce ba ki sani ba. Ga kuma gutsure kalma a hira: 그런데 (amma) ta zama 근데, 저는 (ni) ta zama 전, 무엇을 (me) ta zama 뭘. Ki ware mako biyu ko uku ki koyi waɗannan ƙa'idoji, kowace kalma kuma ki saurari furucinta a ƙamus ɗin Naver na intanet kafin ki haddace. Rubuta Koriyanci da haruffan boko ki bar shi tun yau, ɓatar da kunne yake.

Akwai wurin da Hausarki za ta taimake ki, kuma ina so ki riƙe shi da kyau. Koriyanci yana raba wasu baƙaƙe gida uku, kamar a farkon waɗannan kalmomi: 달 wata, 탈 abin rufe fuska na wasa, 딸 ɗiya mace. Masu jin Turanci suna shan wahala a nan. A bakin matasan Seoul na yau, babban abin da ke raba 달 da 탈 shi ne karin sauti: na farko muryar ƙasa take farawa, na biyu sama. Ke kuwa tun kina yarinya kike bambanta wuyan da ake rataya sarƙa da wuyar da ake sha, da karin sauti kawai. Ki saurari hawa da saukar murya a gaɓar farko, za ki ga kunnenki ya riga ya iya aikin.

Batun fina-finai, ban ce ki daina ba, amma kada ki ƙirga su a matsayin darasi. Muddin fassara na gudu a ƙasan allo, karatu kike yi. Abin da ke buɗe kunne ƙarami ne kuma yana da gundura: ki samu sautin minti ɗaya ko biyu wanda ke da rubutunsa na Hangul, daidai da matakinki. Ki saurara sau uku ba tare da duba rubutun ba, ki rubuta abin da kika ji. Sannan ki kwatanta, ki ja layi a duk inda kika kuskure, ki tambayi kanki: kalmar ce ban sani ba, ko sautin ne ya canja? Daga nan ki dinga bin mai maganar a bayyane, jimla bayan jimla, har numfashinki ya yi daidai da nasa. Kamar tilawa ce, maimaici ke zaunar da ita. Minti 20 kullum a haka ya fi awa uku na fim. Darussan Cibiyar Sarki Sejong na intanet kyauta ne kuma suna da irin wannan sauti, Cibiyar Al'adun Koriya da ke Abuja ma tana koyar da harshen.

Ki kuma koyi haƙuri da jimla. A Hausa aikatau da wuri yake zuwa, a Koriyanci sai ƙarshe, kuma a can ne ake sanin an yi ko ba a yi ba, tambaya ce ko umarni. Sau da yawa ma ba sa faɗin wanda ya yi aikin. Kada ki tsaya fassara kalmar farko a zuci, ki jira wutsiyar.

Magana kuwa, ki tsaya kan salo ɗaya, mai ƙarewa da 요, wato "yo". Da shi za ki yi wa malami, mai shago da baƙo magana ba tare da kin saɓa ladabi ba. Salon da masoya da abokai ke yi a fim, banmal, rashin kunya ne ga wanda ya girme ki ko wanda ba ku saba ba, na fina-finan sarauta kuma ba wanda ke yin sa a titi. In sun tambayi shekarunki daga haɗuwa, kada ki ji haushi, so suke su san yadda za su kira ki. Kafin dogayen jimloli, ki mallaki ƙananan amsoshin da ke riƙe hira: 네 (eh), 맞아요 (haka ne), 그래요? (da gaske?) Ki haɗa da 천천히 말해 주세요, wato a yi miki a hankali, da 다시 한번 말해 주세요, a maimaita. Da waɗannan ba za ki gudu zuwa Turanci ba. Abokiyar hira za ki iya samu a manhajoji irin su HelloTalk ko Tandem. Koriya ta riga Najeriya da awa 8, ƙarfe 1 na ranarmu ƙarfe 9 na darensu ne, lokacin da aka tashi daga aiki. Ki zaɓi maudu'i ɗaya kafin kira, ki ɗauki muryarki, ki saurara daga baya.

Tunda karatu kike nema, ki sa TOPIK, jarrabawar gwada iya Koriyanci, a gaba. Matakanta 6 ne, jami'o'i da yawa kuma mataki na 3 suke nema. A TOPIK II, wato ta manyan matakai, sashen sauraro tambayoyi 50 ne cikin minti 60, kuma 20 na farko sau ɗaya ake kunna su. Ki sauke tsofaffin jarrabawoyi da sautinsu, ki fara da na TOPIK I, ta masu farawa, sai kina cin mafi yawansu a saurare ɗaya sannan ki haura.