Za a iya gane wadda namanta zai taurare tun kafin a fara gashi?

Tambaya: Likita, an yi wa yayata aikin sankarar mama, yanzu za a fara yi mata gashi, wato haska wurin da hasken da ke kashe ƙwayoyin sankara. Mun ga wata da aka yi wa, gefen ƙirjinta ya taurare, da kyar take ɗaga hannu. Akwai gwajin da zai nuna ko yayata ma za ta yi haka?

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, 'yar'uwa. Gwajin yana nan, amma har yanzu a hannun masu bincike yake, bai zama abin yau da kullum a asibiti ba.

Taurin nan tabo ne na cikin nama. Hasken gashi yana tayar da wani sinadari, TGF-beta 1, shi kuma ya ingiza ƙwayoyin da ke ɗinke rauni, faiburobilas, su dinga zubo kolajin, sinadarin da ke gina tabo, ko bayan wurin ya warke. Ba ya fitowa nan take, sai bayan watanni, kuma yakan ci gaba shekaru. Mutum biyu su sha gashi iri ɗaya, ɗaya ta tsira, ɗaya ta taurare.

Wannan bambancin masu bincike a Aarhus ta Danmak suka bi. Sukan yanki ɗan ƙaramin fata, su raini faiburobilas ɗinsa a ɗakin gwaji, su haska musu gire 3.5 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken gashi) sau uku, awa 24 tsakani, sannan su auna waɗanne ƙwayoyin gado ne suka farka, waɗanne suka yi shiru. Salon ya raba marasa lafiya gida biyu, kuma gida ɗaya ba kasafai yake yin tabon ba. Inda gizo ke saƙar, rainon yana cin makonni, sankara kuwa ba ta jira. Ga shi ya fi iya nuna wadda za ta tsira fiye da wadda za ta kamu. A Faransa jini ake ɗiba, a haska masa gire 8, a ƙirga fararen ƙwayoyin jinin da suka mutu. Idan kaɗan ne, haɗarin ya fi yawa.

Don Allah kada tsoron tabo ya hana ta gashin. Ku tambayi likitanta yawan hasken da faɗin wurin da zai taɓa, domin su ne kan gaba wajen jawo tabo. Ku faɗa masa idan tana da ciwon suga, ko cutar taurin fata, ko tana shan taba. Ta riƙe motsa kafaɗar da aka koya mata kullum, kuma da ta ji wurin ya fara ɗaurewa ta koma asibiti.