Rubutun Sinawa na ratayewa: kada ka kai shi laminetin

Tambaya: Malam, na sayo rubutun buroshi irin na Sinawa a Guangzhou, mai naɗi, da sanda a ƙasa. Shekara guda yana rataye a falo. Yanzu gefensa ya fara lanƙwashewa, takardar kuma ta yi duhu. Wani mai shagon hoto ya ce in kawo ya yi masa laminetin. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Alhaji, gara da ka tambaya kafin ka miƙa masa. Lanƙwasar aikin hunturu ne, domin takardar da silikin da aka kewaye ta da shi ba sa bushewa tare, sai ɗaya ya ja ɗaya. Duhun kuma haske ne ya jawo shi, kuma ba ya komawa. Ka sauke shi yau.

Maganar laminetin ita ce ta ishe ni, kullum sai an kawo min irinta. Takardar Xuan da aka saba yin irin wannan rubutu a kanta, wadda ake yi a gundumar Jing ta lardin Anhui da ɓawon itace da karan shinkafa, tana shan ruwa kamar auduga. Tawadar kuwa baƙin hayaƙin itace ce da aka kwaɓa da gam na fatar dabba. Masu haɗa naɗin na gargajiya da kokon alkama suke liƙa takardun baya, da gangan, don in ya tsufa gwani ya jiƙa shi, ya ɓare bayan, ya sa sabo. Da haka rubutun ɗaruruwan shekaru ya iso gare mu. Injin laminetin fa? Zafi yake sa wa, ya narkar da roba ta shige cikin zaren takardar. Daga nan da wuya ko gwani ya iya ɓare ta ba tare da ya lalata takardar ba. Jan hatimin marubucin ma yana iya bajewa. Mai shagon zai karɓi kuɗinsa, ya ce ya gyara maka, alhali ya kashe shi. Haka masu manna salatif a wurin da ya yage, da masu bin sa da dutsen guga. Wanda bai san abu ba, me zai hana ya ce bai sani ba?

Sinawa ba sa barin naɗi a bango shekara da shekaru. Su rataya na ɗan lokaci, su naɗe. Kai ma kada ka wuce wata biyu zuwa uku, nesa da taga da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Ka wanke hannu, ka naɗe shi daga sandar ƙasa, rubutun yana ciki, ba tare da matsewa ba. Ka ajiye shi kwance cikin akwati, da damina kuma ka riƙa dubawa saboda fumfuna da kyankyasai.