Tambaya da Amsa: Maigidana ba ya tashi daga kan keke sai 11 na dare

Tambaya: Assalamu alaikum Likita, daga Tudun Wadan Zariya nake rubutowa. Maigidana tela ne, shekarunsa 48, tun ƙarfe 8 na safe yake fita shago ba ya dawowa sai 11 na dare, ranar Juma'a ce kawai yake ɗan hutawa, in sallah ta matso kuwa a shagon yake kwana don sai dare ake kawo wuta. Kwanan nan yana yawan kukan ciwon kai ta ƙeya, ya sha Panadol ya koma kan keke. In na yi magana sai ya ce aiki bai taɓa kashe kowa ba. Don Allah da gaske yawan aiki na taɓa zuciya ko ni ce dai mai tsoro?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Tsoronki na kan hanya, amma bari mu fara da lissafi tukuna. Daga 8 na safe zuwa 11 na dare awa 15 kenan, mu cire awa 2 na sallah da cin abinci, saura 13, sau kwana shida ya zama awa 78 a sati. To a watan Mayun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya tare da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da wani babban bincike, layin da suka ja shi ne awa 55 a sati, kin ga kenan Malam ya tsallake layin da awa 23 tun kafin ma a zo maganar ɗinkin sallah.

Abin da suka samu shi ne mai yin awa 55 ko fiye haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa ta dalilin toshewar jijiyoyin zuciya kuma da kashi 17, in aka gwada shi da mai yin awa 35 zuwa 40. A shekarar 2016 kaɗai sun ƙiyasta mutum 745,000 ne suka rasu a duniya ta wannan hanyar, kashi 72 cikin 100 kuma maza ne. Wurin da nake so ki karanta masa da kyau shi ne, yawancin waɗanda suka rasun 'yan shekara 60 zuwa 79 ne, amma aikin da ya ja musu sun yi shi ne tsakanin shekara 45 zuwa 74. Wato bashi ne jiki yake rubutawa a littafi shiru-shiru, sai can gaba ya zo karɓa, shi ya sa duk wanda yake cikin yi zai rantse miki lafiyarsa ƙalau, ai na saba. A Japan ma har suna suka sa wa abin, karoshi, mutuwa saboda aiki.

Ba keken ɗinkin ne ke cizon zuciya ba. Mutumin da ke cikin matsi kullum, ga kwastoma ta tsaya masa a ka tana jiran kayan biki, ga kuɗin man janareta, jikinsa na ta sakin sinadaran tashin hankali masu sa zuciya gudu su matse jijiyoyi, jini ya hau. Da dare ne ya kamata jinin ya ɗan sauka lokacin barci, to wanda yake yin awa huɗu ko biyar bai ba shi wannan damar ba, babba na buƙatar aƙalla awa 7. Sai sauran abubuwan da dogon zama ke jawowa, ba tafiya, abincin waje mai gishiri da magi kamar an zuba da ludayi, goro da shayi mai kauri da lemun gwangwanin nan na ƙara kuzari don a kori barci. Wasu yaran shago har tramadol suke haɗawa, wannan kam Allah ya kiyaye, wani babi ne daban.

Shi ciwon kan nasa ba zan ce miki hawan jini ba ne daga nan inda nake zaune, zai iya zama ido ne ya gaji da zare, ko wuya saboda sunkuyo. Hasali ma yawancin masu hawan jini ba sa jin komai. Awo ne kaɗai ke faɗa, kuma ko minti biyar ba ya ci, kemis da yawa suna da na'urar. Ya zauna ya huta minti biyar kafin a auna, kar ya sha shayi ko ya ci goro dab da lokacin, a maimaita a wata rana daban. In ana ta samun 140/90 ko sama ya je asibiti, asibitin Gambo Sawaba na nan Ƙofar Gayan ba nisa da ku, a duba har da suga. In an ɗora shi kan magani kar ya ajiye don ya ji sauƙi, nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa wallahi.

Ba zan ce ya koma awa 40 ba, na san kuɗin makaranta da farashin buhun masara. Amma zai iya daina karɓar ɗinkin da ya san ba zai gama ba sai da kwana, ya sakar wa yaran shago aikin guga da sa maɓalli, kuma maimakon sallah a ƙofar shago ya taka zuwa masallaci mai ɗan nisa, sau huɗu a rana tafiya ce mai kyau. Naki ɓangaren tukunya ce, gishirin da aka yarda wa babba a yini bai kai gram 5 ba, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma magi ma gishiri ne, daddawa ta fi miki.

In kuwa wata rana kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ƙirji ya danne shi da zufa, kar a tsaya cewa iska ce ta buge shi, kar a ɗura masa ruwa ko rubutu a baki don zai iya shaƙewa. A samu mota a nufi asibitin koyarwa na Shika nan take, a yi addu'ar a hanya.

Tambaya: Likita ni ma'aikaci ne a wani kamfani nan Sabon Gari, a takarda ƙarfe 5 ne tashi amma oga ba ya barin kowa ya motsa sai 8, har Asabar da wasu Lahadin. Shekarata 29, ni ma abin ya shafe ni?

Amsa: Ƙanena, a shekarunka haɗarin yau-yau kaɗan ne, amma hawan jini ba ya duba katin haihuwa, je ka auna ka san lambarka. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutun da ya kai awa ɗaya a tsakani, kuma cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. Na san faɗa wa oga haka kai kaɗai neman takardar sallama ne, don haka ku riƙa rubuta lokacin shiga da na fita na wata guda, ku haɗu ku uku ko huɗu ku same shi cikin ladabi, ku fara da roƙon Lahadin tukuna.